Gawo ko harawa: a ina zan fara zuba kuɗina?

Tambaya: Ni mai sayar da dusa, kowa da harawa ne a wata kasuwar dabbobi a yankin Kano. Na gaji gona mai kimanin hekta 3, na kuma tara 'yan kuɗi daga sana'a. Wasu na cewa in dasa itatuwa, wasu na cewa in noma abincin dabbobi da kaina in daina saye a hannun manoma. Wanne zai fi dawo mini da kuɗina? Ko in haɗa da rance in yi duka biyun?

Amsa: Malam, ka yi duka biyun, amma ba da kuɗi iri ɗaya ba. Harawa tana dawo da jari cikin wata 8 zuwa 10. Itace kamar gawo kuwa ba zai fara ba ka 'ya'yan da za ka auna a buhu ba sai ya shekara 7 ko 8, wani lokaci ma fiye. Saboda haka mafi yawan kuɗinka ya tafi ga harawa da wurin ajiyarta, itatuwa kuma ka ba su kulawa da ɗan abin da ba za ka nema ba nan kusa. Rance a kan itace kam ban yarda da shi ba, domin lokacin biya zai zo tun itacen bai wuce bakin akuya ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar an raba gadon, gonar ta zama taka, da shaidu da takardar dagaci. Wanda ya dasa itace a gonar aro ko ta jingina, wani ya yi wa aiki. Ka kuma duba ko gonar na bakin burtali, don hakan ne zai nuna irin shingen da za ka buƙata.

Ka fi ni sanin inda ribar harawa take. Da kaka dami ba ya kuɗi, da bazara kuwa mai rago shi ke bin ka. Ga wani abin lura: Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo a farkon Yuni, kuma kowace shekara tana zuwa da wuri da kwana 10 ko 11. Ke nan shekaru masu zuwa masu turka ragunan layya za su yi kiwonsu ne a tsakiyar rani, lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Wanda ke da harawa mai kyau a rumfa daga Fabrairu zuwa Mayu, shi ke yanka farashi.

Shawarata ka raba gonar haka. Hekta 2 ka ci gaba da noman hatsi da wake, amma layi 2 na dawa ko gero, layi 4 na wake, tsarin da masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yaɗa a Kano. Ka nemi irin waken da ke ba da ƙwaya da ganye tare, wanda za ka samu ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Ƙwayar ta biya kuɗin noma, harawar ta zama riba. Ragowar hekta ɗaya ka shuka waken lablab zalla. Irinsa ka nema a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ka kuma gwada shi tukuna: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, idan ƙasa da 70 suka tsiro cikin mako guda, ka mayar. Hekta tana cin iri kilo 20 zuwa 25, tazarar santimita 75 tsakanin kunyoyi, 30 zuwa 40 tsakanin ramuka, ƙwaya biyu a rami. Ka zuba takin supa buhu 2 zuwa 3. Yuriya ba ta da amfani a nan, don lablab dangin wake ne, shi ke ƙara wa ƙasa ƙarfi da saiwarsa.

Lissafinka ka yi shi da ƙaramin adadi, kada ka ɗauki na gonar gwaji. Mu ce hektar ta ba da tan 3 na busasshen ganye, ka cire kashi ɗaya cikin biyar na asarar shanya da dako, saura kilo 2,400. Rago mai kilo 35 yana cin busasshen abinci kusan kilo 1.2 a rana. Idan harawa ce gram 800 daga ciki, sauran dusa, to cikin kwana 90 zai ci kilo 72. Hekta ɗaya ta ɗauki raguna kamar 33 ke nan. Ka auna nauyin damin da kake sayarwa don ka san dami nawa ke cikin kilo 2,400 ɗin, ka ninka yawansu da farashin bazarar bara, ka cire kuɗin huɗa, iri, taki, noma biyu, yanka da mota. Idan abin da ya rage bai fi ribar da kake samu a saye da sayarwa ba, ka tsaya a hekta ɗayan, kada ka faɗaɗa.

Asarar wannan sana'a yawancinta bayan yanka take zuwa, kuma nan nake so ka fi sa ido. Kuɗin harawa a ganye yake, ba a kara ba. Ka yanke lablab da zarar ya fara fure, kafin ganyen ƙasa ya soma zuba. Ka shanya shi kwana 2 zuwa 3 kana juyawa, ka ɗaure da sassafe yayin da raɓa ta ɗan sassauta shi, don da rana tsaka ganyen karkaɗewa yake ya bar ka da kara tsirara. Idan ka ɗaure da sauran danshi, zai yi fumfuna, tsakiyar tarin ya ɗau zafi, har yakan kai ga kama wuta. Ka tura hannu cikin tarin a makon farko, in ka ji ɗumi ka warware. Ajiya a kan rufin ɗaki ko cikin reshen itace, kamar yadda aka saba, rana ce ke cinye koren ganyen, ruwan farko kuma ya ƙarasa shi. Ka gina rumfa mai rufi, da dandamali da ya tashi daga ƙasa kamar rabin mita saboda gara. Da a ce kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, rumfar nan zan ce ka fara yi. Harawar waken da aka yi wa feshi kuma, ka bari kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika kafin ka cire ta.

Batun itatuwa, mafi arha shi ne kada ka fara da dashe. A yankin Maradi na Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen da ke tohowa a gona maimakon ƙone su, abin da suke kira sassaben zamani, kuma da shi aka mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a faɗin Nijar. Ka zagaya gonarka da rani ka nemo tohon gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa. A kowane kututture ka bar rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, ka sare sauran da kaifin adda daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ka datse ƙananan rassa har rabin tsayi. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi, shi ya sa suke tsere wa dashen leda.

Inda babu toho, ka dasa gawo, mita 10 tsakanin kowane biyu, wato 100 a hekta, daga baya ka rage. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma yi kore da rani, 'ya'yansa abincin tumaki ne da ake sayarwa a kasuwa. Ɓawon irinsa yana da tauri, sai an ɗan kankare shi ko an jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Ka raine shi a doguwar leda, ka dasa shi yana ɗan wata 2 zuwa 3, da zarar damina ta zauna, don saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye, in ta nannaɗe a leda itacen ba ya ƙara lafiya. Turare da darbejiya kada su shiga tsakiyar gona, suna janye ruwa da hasken da amfanin gona ke bukata.

Abin da ke kashe dashe shi ne dabbobin da ake saki bayan girbi. Kewayen hekta 3 ya kai mita 700, waya a wannan tsawon za ta cinye jarinka. Ka kewaye kowane ƙaramin itace da ƙaya na shekara 2 zuwa 3, ka dasa shingen bagaruwa da magarya a tazarar rabin mita, kana yin gefe ɗaya kowace damina, ka fara da ɓangaren da dabbobi suka fi shigowa. Ka kuma zauna da makiyayan da ke sauka a wurin tun kafin kaka: su ci karan hatsi su bar maka taki, bisa sharaɗin ba za su sassare rassan gawon ba, a gaban mai unguwa.