Gwarancin yara: daga "luwa" zuwa ɗan kuka

Wata uwa daga Funtuwa ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 2 da 'yan watanni ya ba ta kunya a gaban surukai. Ana tsakiyar cin naman layya, ya nuna mahaifinsa da ke gwaguyar ƙashi, ya ɗaga murya ya ce, "Baba na cin kashi!" Tambayarta biyu: me ya sa ake kiran maganar yara gwaranci, kuma ko ɗan nata tsamin baki gare shi?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaron nan lafiyarsa lau. Ƙ da ts ba sa fita sai an toshe maƙoshi sannan a saki sautin da ƙarfi, ɓ da ɗ su ma da taimakon maƙoshi ake yin su, shi kuwa bakin yaro mai sauƙi yake fara kamawa. Sai ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, tsintsiya ta zama "cinciya". A bakin manya ƙashi da kashi sun bambanta har a tsawon wasali da karin sauti, domin wasalin a na ƙashi gajere ne, na ɗayar kuwa dogo. Amma wa zai tsaya auna wasali alhali dariya ta riga ta ɓarke?

Wadda ta fi ba yara wuya ita ce r. Guda biyu ce ma a Hausa, ko da yake harafi ɗaya muke rubutawa: akwai ta ruwa da rana, wadda harshe ke lanƙwashewa ya buga sau ɗaya, akwai kuma mai karkarwa irin ta tara da ke bin takwas. Shi ya sa za ki ji "luwa" ko "yuwa", ɓarawo kuma ya zama "bayawo". Ba a cewa mutum yana da tsamin baki sai ya wuce lokacin da tsararsa suka gyara furucinsu shi bai gyara ba. In'ina kuma daban ce, ita sarƙewar magana ce.

Gwaranci kuwa daga Gwari ne da ɗafa-ƙeyar -anci, irin ta Hausanci da Turanci da Sakkwatanci. Asalin ma'anarta harshen Gwarawa, mutanen da ke yankunan Neja da Kaduna da Abuja. Bahaushe ya ji yaren bai gane ba, sai ya laƙaba sunan ga duk maganar da ta fito a karkace. Akwai raini a ciki, gaskiya, su kuma masu harshen Gbagyi suke kiran kansu. Abin dariyar shi ne, Bahaushen nan dai in magana ta shige masa duhu sai ya ce, "Yi mini gwari-gwari," wato dalla-dalla.

Ni dai ban yarda gwaranci shirme ne ba. Jikata ta taɓa hango garken Fulani ta ce, "Kaka, ga saniyoyi!" Ba wanda ya taɓa faɗin haka a gabanta. Ta ji mota da motoci, ta ji taga da tagogi, sai ta ɗora saniya a kan wannan ma'auni. Ƙa'idar ta bi, kalmar shanu ce ta bauɗe. Haka nan yaron da zai ɗaga hannuwa ya ce "ɗauke ka": kullum abin da yake ji ke nan, "zo in ɗauke ka," bai kai ga gane cewa ni da kai suna sauya mazauni gwargwadon mai magana ba. Wasu kalmomin ma mu manya ne muka ƙera musu, irin su cici ga duk ƙwaron da ake tsorata su da shi, da tutu, da tatata lokacin koyon tafiya. Gaɓa ɗaya ce ake nanatawa, kamar dai mama da baba da dada.

Wani malamin firamare daga Maraɗi kuma ya tambaya: "Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa", yaro mai yawan kuka ake nufi?

A'a, Malam, itaciyar kuka ce, wadda ake miya da ganyenta. Kukan hawaye sautinsa sama-sama yake, kukar miya kuwa gaɓarta ta ƙarshe faɗuwa take, rubutun boko ne bai nuna wannan ba. 'Ya'yan kuka can sama suke reto, yara su yi ta jifa don su kaɓo su, duwatsun kuwa jikin uwar suke sauka. Ana faɗin karin maganar ga ɗan da halinsa ke jawo wa iyayensa zagi ko tara ko kunya.

Sai dai mai koyon magana ma yakan jawo jifan, ba da ta'adi ba, da tsabar gaskiya. A unguwarmu uwar adashi ta yi sallama wani gida ranar zubi, matar gidan ta raɗa wa 'yarta abin da za ta faɗa. Yarinya ta fito tsakar gida, ta gaishe da baƙuwa da ladabi, ta ce, "Umma ta tafi unguwa, tana bayan ƙyauye." Ƙyaure take nufi, uwar adashi kuwa ba ta nemi tafinta ba.