Amsa ga mai tambayar ta inda ake fara wasan kwaikwayo a Kano

Malam, ka tambaya ko ɗanka da ya gama sakandare zai iya shiga fim kai tsaye, ko kuwa sai ya fara da wasan daɓe. A ganina, ya fara da daɓe. Da yawa daga cikin dattawan wannan sana'a a Kano daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, irin su Tumbin Giwa, wadda ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, bayan 'yan ƙungiyar sun daɗe suna wasa a gaban jama'a.

Dalili shi ne, daɓe ba ya yi wa kowa alfarma. Babu mai cewa a tsaya a sake ɗauka, saboda haka dole yaro ya haddace maganganunsa, ya koyi ɗaga murya daga ciki har na sahun baya ya ji ba tare da ya yi ihu ba, ya kuma san inda zai tsaya don kada ya juya wa 'yan kallo baya. Abin da ya fi wuya, wanda masu farawa suke rainawa, shi ne sauraron abokin wasa, domin wanda yake jiran layinsa kawai, fuskarsa takan mutu.

Kada ya ji haushi idan watannin farko sun ƙare a ɗaukar kaya da fitowa a matsayin ɗan aike. Idan yana son karatun abin, Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo. Ranar da zai koma fim kuma, sai ya yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano.