Me ya sa aka ce "farin ciki", ba a ce "farin kai" ba?

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ta nan Zinder ya aiko da tambaya biyu. Ya ce: "Malam, me ya sa Bahaushe ya ajiye murna da damuwa a ciki, yake cewa farin ciki da baƙin ciki? Kuma daidai ne a kira halittun da ke zaune a hanjinmu ƙwayoyin cuta?"

To ɗana, "ciki" a Hausa ya wuce tumbi, ma'ajiya ne. Mai zurfin ciki ba a jin sirri a bakinsa, shi ya sa ake tuna wa mai surutu cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wanda ya tsorata kuwa sai a ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Kai ma shaida ne: ranar jarrabawa, wani sai ya zagaya sau uku kafin a raba takarda, alhali bai ci komai ba.

Ba na cikin masu cewa kakanninmu sun riga likitoci gano komai. Jikinsu suka saurara, suka raɗa wa abin suna. Sai dai bincike ya zo ya tarar da su a wurin. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna cewa baligi na ɗauke da bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, kusan tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Idan ka sha furar gero (hura, in ji mu Damagarawa), dusar da tumbinka ya kasa narkarwa ita ce kalacinsu. Su kuma sai su fitar da sinadarai irin su butirat, wanda bangon hanji ke rayuwa da shi. Wasu kuma su sa hanjin ya saki saƙon ƙoshi. Akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ke kai rahoton ciki ga ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin ma, wanda ake dangantawa da jin daɗin rai, a hanji ake yin sa, kuma waɗannan halittu na da hannu a ciki. Amma kar ka yi saurin cewa ga asalin farin ciki nan: na hanjin ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa, motsa hanji ne babban aikinsa.

Tambayarka ta biyu ba ta da tsawo. "Ƙwayoyin cuta" suna ne da ya dace da masu kawo kwalara da taifod. A laƙaba shi ga wanda ke taya ka narka abinci, har yana yi maka bitamin K, ai an ci amanar maƙwabci. Ni "ƙananan halittun hanji" nake cewa. Shi ya sa wani ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wayi gari da gudawa: maganin bai bambance ɓarawo da ɗan gida ba. Wannan shi ake kira ɓacin ciki, kar ka haɗa shi da ɓacin rai a rubutunka.