Tambaya da Amsa: Aikin Osi Umenyiora a Ƙwallon Amurka

Tambaya: Malam, ni ɗan kokowa ne a Maraɗi. Na ga hoton Osi Umenyiora a Facebook, an ce tsohon ɗan ƙwallon Amurka ne. Mene ne aikinsa a fili?

Amsa: Ɗan'uwa, lokacin da yake wasa Osi ɗan layin gaba ne na masu tsaron gida, a gefe yake tsayawa. An haife shi a Landan a 1981, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi a 2003, ya ci kofin Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka) da ita a 2008 da 2012, ya koma Atlanta Falcons, ya yi ritaya a 2015.

Aikinsa shi ne ya kayar da mai jefa ƙwallo na abokan hamayya kafin ya jefa. Sai ya durƙusa, hannu a ƙasa, ido kan ƙwallo. Tana motsi sai ya zabura, ya kaɗe hannun ƙaton da ya tare shi, ya sunkuyar da kafaɗa ya zagaye shi. Ka san a kokowa wanda ya miƙe tsaye shi ake ɗagawa. Nan ma haka ne. In Osi ya ƙetara layi kafin ƙwallo ta motsa, a ci ƙungiyarsa tarar yadi 5, wato a ja ta baya.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda yake doke ƙwallo daga hannun mai jefawa. A 2007 ya kayar da na Philadelphia Eagles sau 6 a wasa guda. Gwiwa ce ke shan wahala saboda juyin da ake yi da nauyi: rauninta ya hana shi buga kakar 2008 gaba ɗaya.