Amsa ga mai tambaya kan yaron da cikinsa ke ciwo duk safiyar makaranta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Kin ce ɗanki mai shekara 9 ya yi mako uku ba ya zuwa makaranta. Kullum da safe sai ciwon ciki da kuka, wani lokacin har da amai, amma da ƙarfe goma ta yi sai ya warware ya shiga wasa. An yi gwajin jini da na bayan gida ba a ga komai ba, likita ya ce fargaba ce, ya tura ku a yi masa CBT, wato maganin gyara tunani da ɗabi'a da ake yi ta zama da ƙwararre, ba da ƙwaya ba. Kina son sanin ko hira kawai za ta warkar da yaro, da kuma ko irin wannan magani zai amfani ƙanwar maigidanki mai shekara 15 da ta koma zaman ɗaki.

Da farko, ciwon cikin nan ba ƙarya yake yi ba. Idan tsoro ya taso, jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya bugu da sauri, hanji ya murɗa, tafin hannu ya yi gumi. Ciwon na gaske ne, sai dai tushensa ba a ciki yake ba. Shi ya sa yake lafawa da zarar yaron ya tabbatar yau ba za shi ba, shi ya sa kuma da wuya ki gan shi ranar Asabar.

Kafin a fara komai, sai an tabbatar babu abin tsoro na haƙiƙa a makarantar. Ki bincika ko akwai malamin da ke zane shi, ko manyan yara da ke ƙwace masa kuɗin tara, ko wani da ke taɓa shi a banɗaki ko a hanya. Ki duba ko yana ganin allo sosai, ko karatun ne ya fi ƙarfinsa ana yi masa dariya. Kada ki tsare shi da tambaya ido cikin ido. Ki tambaye shi kuna tafiya, ko kuna tsintar shinkafa, yara sun fi sakin baki a haka. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, shi za a fara gyarawa. Ba a koya wa yaro jure wa zalunci da sunan magani.

CBT ba hira ba ce kawai, kuma duk wanda ya mayar da ita hira zalla bai yi ta daidai ba. Asalinta aikin Aaron Beck ne, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, a shekarun 1960. Ginshiƙinta shi ne tunani da yanayin zuciya da abin da mutum ke aikatawa suna jan juna, idan aka gyara ɗaya sauran sai su bi. Ga babba akan fi aiki a kan tunanin. Ga yaro ɗan shekara 9 mafi yawan aikin a kan aikatawa yake, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ga dogon nazarin tunaninta ba tukuna.

Ga abin da ke riƙe da ciwon. Da safe tsoro ya hau, ya yi kuka, kika ji tausayi kika ce ya zauna. Nan take tsoron ya sauka. Wannan sauƙin da ya ji shi ne matsalar, domin ƙwaƙwalwarsa ta ɗauki darasi cewa makaranta haɗari ce, zama a gida ne ya cece shi. Gobe tsoron zai zo da wuri kuma ya fi na yau ƙarfi. Kowace rana da ya ƙara a gida tana ƙara wa komawar wuya, ga karatu na wuce shi, ga kunyar abin da zai ce wa 'yan ajinsu. Saboda haka mako ukun nan ya isa, kada a jira sai sabon zango.

Akan yi zama 12 zuwa 16, sau ɗaya a mako, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. Tsarin da aka fi sani na yara shi ne Coping Cat, wanda Philip Kendall na Jami'ar Temple ya tsara wa 'yan shekara 7 zuwa 13. Zama 16 ne, rabin farko koyon dabaru, rabin ƙarshe tunkarar abin tsoro. Amma ga yaron da ya riga ya bar makaranta ba a jiran sai zama na tara, ana fara tunkarar makarantar mataki-mataki tun makon farko ko na biyu.

A zaman farko za a ji tarihi daga gare ki da mahaifinsa, a ji daga bakin yaron shi kaɗai, wataƙila a ba ku takardar tambayoyi ku cika. Daga nan a bayyana masa tsoro da harshen da zai gane. Misali a ce masa akwai maigadi a jikinsa mai busa usur idan ɓarawo ya zo, amma nasa maigadin ya cika zumuɗi, ko akuya ce ta gifta sai ya busa. Wasu yaran sukan raɗa wa tsoron suna, su zana shi a takarda. Amfanin haka shi ne yaro ya daina ganin shi ne lalatacce, ya koma ganin shi da iyayensa gefe ɗaya suke, tsoron yana ɗaya gefen. Sai a koya masa ma'aunin tsoro daga 0 zuwa 10, da numfashin ciki: ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida, sau biyar. Wannan a lokacin da yake cikin natsuwa ake koyonsa, safe da dare. Wanda ya fara koya masa a bakin ƙofar makaranta yana tsakiyar kuka ya makara.

Zuciyar maganin ita ce tsani. Ana zama da yaron a rubuta matakai takwas zuwa goma, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shi da kansa zai ba kowanne maki. Ga irin ɗanki zai iya kasancewa ya sa kayan makaranta ya karya a kan lokaci, sai a bi ta gaban makarantar a adaidaita ba a tsaya ba, sai a shiga harabar da yamma bayan an tashi, sai ya gaisa da malamar ajinsu ita kaɗai, sai ya zauna darasi ɗaya kina ofis, sai darasi ɗaya kina waje, sai har lokacin tara, sai yini guda. Ana farawa daga matakin da ya ba maki 3 ko 4. Kowane mataki ana maimaita shi kullum har makinsa ya sauka kamar da rabi, ko yaron ya fara gundura, sannan a hau na gaba. Kwana biyu zuwa uku kan wadatar ga mafi yawan matakai.

Kafin kowane mataki a tambaye shi me yake tsammanin zai faru, a rubuta. Ya ce zai yi amai a aji kowa ya yi dariya, ko ya ce Umma za ta mutu kafin ya dawo. Bayan an gama a dawo kan takardar a tambaye shi me ya faru. Nan ne gyaran tunanin yake shiga, da hujjar da ya gani da idonsa, ba da wa'azinmu ba. Tambayoyi uku sun ishe shi a wannan shekarun: sau nawa abin ya taɓa faruwa, me kuma zai iya faruwa ban da shi, idan ya faru me za ka yi.

Inda aka fi samun matsala shi ne janye yaro a lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa. Ya shiga aji, ya fashe da kuka, malama ta kira waya, aka zo aka ɗauke shi. Wannan ya fi rashin zuwan ma illa. Sai a shirya da makarantar tun kafin ranar: mutum ɗaya zai tarbe shi a ƙofa, idan ya rikice ya zauna ofis minti goma ya koma aji, ba gida ba, kuma a ɗage masa dukan makara a wannan lokacin. Sallamarki ta zama gajera, ki faɗi lokacin da za a zo ɗaukarsa, ki juya. Kuma a cika alkawarin lokacin nan ko da me ake ciki. Kada ki sulale ba ya gani, yin haka na koya masa kada ya ƙara sakin zaninki.

Matsala ta biyu yawan rarrashi ne. Zai tambaye ki sau ashirin ko babu abin da zai same ki. Duk amsar da kika bayar tana kwantar masa da hankali na minti biyu, ta kuma ƙara masa ƙishirwar wata. Ki amsa sau ɗaya, daga nan ki riƙe magana guda mai ɓangare biyu: “Na san kana jin tsoro, kuma na san za ka iya.” Kada ki ce ba komai, domin a wurinsa akwai komai. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya gina tsari sukutum a kan wannan, inda iyaye kaɗai ake gani a koya musu rage irin wannan sassaucin, yaron ko zuwa ba ya yi.

Ta uku kuwa gidan ne. Ke kina bin tsani, mahaifinsa ya ɗauko bulala, kakarsa ta ce a ƙyale mata miji ya huta. Bulala na iya kai yaro aji yau, amma ta ƙara wa safiya wani abin tsoron. Sai an zaunar da duk wanda ke da baki a kan yaron an yi magana ɗaya. Ranar da ya ƙi tafiya kuma, gida ya zama wuri marar daɗi ba tare da hukunci ba: ba talabijin, ba waya, ba rakiyar kasuwa, littafinsa a gabansa har lokacin tashi. Tukwici kuwa a kan ƙoƙari ake bayarwa, ba a kan rashin kuka ba, kuma a ranar, ƙarami, kamar ya zaɓi abincin dare ko babansa ya buga ƙwallo da shi. Ki sa ran makon farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, kuma zai ɗan dawo ranar Litinin, da bayan hutu, da bayan zazzaɓi. Idan haka ta faru a sauko mataki ɗaya, ba a koma farko ba. Addu'ar fita gida da azkar ɗin safe ba su ci karo da wannan ba, a yi su a kama hanya. Abin lura kawai kada ya mayar da su sharaɗi, ya ce sai an maimaita sau bakwai kafin ya taka.

Game da ko yana aiki, a 2008 an wallafa wani babban bincike a Amurka kan yara 488 masu ciwon fargaba, 'yan shekara 7 zuwa 17. Bayan mako 12, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa CBT kaɗai sun samu sauƙi sosai, masu shan ƙwayar maganin fargaba mai suna sertraline kaɗai kashi 55, waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 81, masu ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 24. Wato yana aiki, amma ba ga kowa ba. Idan an yi zama takwas da gaske ana taka tsani ba a ga motsi ba, a koma wurin likitan ƙwaƙwalwa a sake dubawa.

Ita kuwa budurwar, abin da kika bayyana ya fi kama da ciwon damuwa, kuma hanyarsa daban. A fara da asibiti a duba ƙarancin jini da makamantansa. Sannan wani da ta yarda da shi ya tambaye ta kai tsaye, cikin taushin murya, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. Idan ta ce e, ranar za a kai ta, a kuma kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. A CBT ɗin matasa masu damuwa ana farawa da tayar da jiki: a tsara mata ƙananan ayyuka biyu ko uku a rana da lokacinsu, wanka da safe, fita tsakar gida, komawa Islamiyya, ziyarar ƙawa ɗaya a mako, ta yi su ko ba ta jin yi, domin sha'awar daga baya take biyowa. Lokacin tashi daga barci ya zama ɗaya kullum, waya ta kwana a wajen ɗaki. Bayan nan ne ake shiga rubuta tunani da auna shi, wanda a shekarunta za ta iya. Dole kuma a bar ta ta gana da mai yi mata CBT ɗin ita kaɗai, kada ku tsare ta da me kika faɗa masa. Zai gaya mata tun farko cewa sirrinta na nan, sai abin da ya shafi ranta ko cutarwa. A binciken da aka wallafa a 2004 kan matasa 439, CBT kaɗai ta yi jinkiri, kashi 43 ne suka samu sauƙi a mako 12, haɗe da ƙwayar maganin damuwa mai suna fluoxetine kuwa kashi 71, ko da yake zuwa mako 36 tazarar ta kusa rufewa. Don haka idan damuwar ta yi nauyi kada ku ƙi ƙwaya, amma likita ne zai rubuta, a kuma sa mata ido sosai a makonnin farko.

Ba kowane mai ba da shawara ne ya koyi wannan aikin ba. Ku nemi sashen masana halayyar ɗan Adam a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. A zaman farko ki tambayi wanda zai yi wa yaron CBT yaushe za a fara tsanin, wane aikin gida za a ba ku tsakanin zama da zama, kuma ko zai rubuta wa makarantar takarda. Ki tafi da littafin da kika rubuta safiyoyin mako ɗaya: ƙarfe nawa ciwon ya fara, me aka ce masa, ƙarfe nawa ya lafa.