Amsa: sayen gona a ƙauyukan Kura

Malam, kace kana son sayen gona ka koma ƙauye wajen Kura, wallahi shawara ce mai kyau, can ne mahaifata. Ruwan dam ɗin Tiga na zuwa ta kanal, ana noman rani, shinkafa, tumatir, alkama. Amma don Allah kar ka biya ko sisi sai kun zauna da dagaci da duk magada, yawanci gonakin gado ne, yayana ya taɓa biya sai ga ƙanwar mai gonar ta taso daga ɗakin miji tace bata yarda ba, shekara biyu ana kotu. Titin Kano zuwa Zariya na kusa, sai dai da damina shiga cikin ƙauye sai mashin, laka har gwiwa.