Tambaya da Amsa: Ina so in yi bincike kan himmar ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramar malama ce a wata jami'a, digirina a fannin kimiyyar sinadarai. Na lura ɗalibai kan shigo aji ɗaya da zumuɗi, amma kafin aji uku himmar ta mutu, sai haddar handawut don a ci jarrabawa. Ina so wannan ya zama fagen bincikena. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tunda ba ki karanta fannin ilimi ba, fara da PGDE, wato difloma ta koyarwa ta bayan digiri, sannan digiri na biyu a ilimin halayyar koyo da koyarwa. Amma kada ki yar da sinadaran. Wanda ya san inda darasi ke yi wa ɗalibi tsauri ya fi kowa iya bincikensa.

Abin da kika gani ya daɗe ana nazarinsa. A 1976 Marton da Säljö na Jami'ar Gothenburg sun bambanta mai karatu don ya fahimta da mai karatu don ya maimaita. Kafin su, a 1971, Edward Deci ya gwada biyan ɗalibai kuɗi don su warware wani wasan ƙwaƙwalwa. Da aka janye kuɗin, sha'awarsu ta ragu. Daga baya shi da Richard Ryan a Jami'ar Rochester suka nuna himma na tsayuwa kan abu uku: ɗalibi ya ji yana da zaɓi, ya ji zai iya, ya ji an damu da shi. Ki ɗauki ɗaya, a kwas ɗaya. Tambaya mai faɗi ita ke kashe bincike tun a matakin farko.

Wajen awo, kada ki ƙirƙiro tambayoyi da ka. Akwai MSLQ, takardar tambayoyi ta auna himmar ɗalibai da dabarun karatunsu, wadda aka fitar a Jami'ar Michigan a 1991, mai tambaya 81, ana amsa kowace daga 1 zuwa 7, kuma ana iya ɗaukar sashen da ya dace kawai. In za ki mayar da ita Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, sannan a gwama. Ki gwada da ɗalibai kamar 30. Sashen da alfa ɗinsa (ma'aunin da ke nuna yadda tambayoyin sashe suka dace da juna) ya gaza 0.70 yana buƙatar gyara.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Ɗalibin da makinsa ke hannunki zai rubuta abin da yake zaton kina so, don haka wata abokiyar aiki ta raba takardun, ke kuwa ki bar ajin. Kada a sa lambar rajista. Kowa ya ƙirƙiri lambar sirri da zai tuna, domin za ki auna sau biyu, mako na 2 da na 12, ki haɗa amsar kowa da tasa. Awo ɗaya a ƙarshen zango tsoron jarrabawa yake nunawa. Ki kuma rubuta duk abin da ya katse karatu: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, irinsa kuwa na sauya amsoshi gaba ɗaya.

Kafin komai, ki samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku. Kuɗi kuma, ki tuntuɓi ofishin TETFund na makarantarku kan tallafin IBR, wato tallafin bincike na malaman makaranta.